Darasi na 12: Mata Marubuta, daga Ɗegel zuwa Damagaram

A cikin shekarun 1970, a birnin Kano, wata yarinya da aurenta ya mutu ta tari mahaifinta da roƙo. Tana so ya bar ta ta shiga ajin koyon ɗinki da saƙa. Uban ya yarda, tun da ɗinki sana'ar mace ce, ba abin da zai ja masa magana a unguwa. Abin da bai sani ba, ba ɗinkin ne ya kai ta ba. Karatu da rubutu take koyo a ajin manya, kuma mahaifiyarta kaɗai ta san zancen, ita ma ta ja bakinta ta tsuke.

An fid da yarinyar nan daga makaranta, aka yi mata aure tana da shekara 13 da mutumin da ya isa haihuwarta. Zaman bai kai shekara biyu ba. Sunanta Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala Ramat Muhammad da ya mulki Najeriya daga 1975 zuwa 1976. Yau ana nazarin littattafanta a jami'o'i, an mai da ɗaya daga ciki fim, an kuma fassara shi zuwa Turanci.

Duk macen da ke zaune kan tabarma a ajin yaƙi da jahilci a Birni ko Zango ko Garin Malam, ko a Mirriya da Matamaye, da goyo a baya da alli a hannu, ƙofar da Balaraba ta bi ita ta biyo. Shi ya sa wannan darasi ya fara da ita. Manyan matan da suka rubuta Hausa, yawancinsu ba daga dogon karatun boko suka fito ba. Daga tsakar gida suka fito, da makarantar allo, da ajin manya irin wannan.

Uwar Gari

Wanda zai ba da tarihin mata marubuta a ƙasar Hausa, dole ya fara da Nana Asma'u, ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An haife ta a Ɗegel a 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hasan. Gidansu ba baƙo ba ne a ƙasar Nijar ta yau: a Maratta aka haifi Shehu, kusa da Galmi, kuma har Agadas ya je neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Asma'u tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka yunwa da gudu da ƙarar yaƙi da idonta ta gan su tun tana ƙarama. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, ta zama kuma abokiyar shawarar yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Da harshe uku take rubutu, kowane da mutanensa. Larabci na malamai ne. Fulfulde na dangi da almajiran gida. Hausa kuwa ta talakawa ce, mutanen karkara da matan da yaƙi ya kwaso ya zube a garuruwan da ba nasu ba. Abin da ya saura na rubutunta ya haura 60, tsakanin waƙoƙi da ƙananan littattafai. Akwai wata waƙa tata mai baiti 30 kacal da ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 a ciki. Ta yi ta da Fulfulde a 1829, da Hausa a 1838, da Larabci a 1850. Dabarar malama ce wannan: macen da ba ta iya riƙe allo ba, tana daka tana rerawa, sai ta wayi gari ta san surorin da jerinsu.

Rubutu kuwa ba ya tafiya da ƙafarsa, sai an ɗauke shi. Nan Asma'u ta yi abin da ya fi waƙoƙin nata daɗewa. Wajen shekarun 1830 ta kafa ƙungiyar ƴan taru. Daga kowane ƙauye akan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a naɗa ta jaji, a ba ta malfa da jan rawani. Jaji takan taho da ayarin tsofaffi da ƴan mata da ba su kai aure ba, domin masu aure da ƙananan yara ba su iya barin gida. Su zo wurin Asma'u da ɗan abin da suka samu, hatsi ko zuma ko man shanu ko zane, ita kuma ta raba wa mabukata. Su zauna su hardace waƙoƙi kan tsarki da salla da zaman aure da haƙƙin maƙwabci, su koma su koya wa waɗanda suka bari a gida. Malfar nan ma da dalili aka zaɓe ta. Alama ce ta Innar Gobir, shugabar ƴan bori, sarautar da har gobe tana nan a Tsibiri kusa da Maraɗi. Asma'u ba ta yi faɗa da malfa ba, ɗaukar ta ta yi ta aza a kan malamai mata, don ta san idon matan karkara ya riga ya saba girmama ta.

Abin da ya fi taɓa zuciya a rubutunta shi ne marsiyyoyi, wato waƙoƙin makoki. Ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, wannan ba abin mamaki ba ne, manya ne. Amma ta yi wa Halima maƙwabciyarta. Ta yi wa Hawa'u, wata jaji. Ta yi wa Zaharatu, matar da ke zuwa wurin masu naƙuda da wankan gawa ko da wane lokaci aka kira ta. Ba don alƙalamin Asma'u ba, da ba wanda zai san an taɓa yin matan nan a duniya. Littattafan tarihi na wancan zamani sarakuna da jarumai suka lissafa.

Sai dai a karanta ta da ido biyu. Waƙarta kan yaƙin Gawakuke na 1836, inda rundunar Bello ta karya Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye, muryar wanda ya ci nasara ce. Bagobirin Tsibiri in ya ji ta, ba zai ji abin da Basakkwace ya ji ba. Damagaram ma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, Barno take kai wa gaisuwa, kuma lokacin da Asma'u ta rasu a 1864 Sarki Tanimu ne ke kan gado, yana gina ganuwa yana ƙera igwa. Duk da haka takarda ba ta san iyakar sarauta ba. Cikin gafakar almajirai da kayan fatake waƙoƙin gidan Shehu suka zaga ƙasar Hausa.

A daidai zamanin tsufan Asma'u, can a Amurka, akwai wata mawaƙiya mai suna Emily Dickinson, wadda aka haifa a 1830 ta rasu a 1886. Ta rubuta waƙoƙi kusan 1,800, amma waɗanda aka buga tana da rai ba su wuce goma da ƴan kai ba, sauran a ɗakinta aka tarar da su bayan ta mutu. Ita ta ɓoye nata, Asma'u kuwa ta zuba nata a bakin mata ta sallame su ƙauyuka. Bayan rasuwar Asma'u, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon ƴan taru, ƙaninta Isa ya mai da waƙoƙinta da dama daga Fulfulde zuwa Hausa, gidan Waziri kuma ya adana takardun. A hannun Waziri Junaidu ne wata Baturiya, Jean Boyd, ta same su, ita da Beverly Mack suka buga su dunƙule a 1997. Har a birnin Pittsburgh na Amurka akwai Musulmi mata da suka kafa ƙungiyar karatu suka sa mata suna ƴan taru.

Masu labari da ba su riƙe alƙalami ba

Ƙasar Damagaram tana da hannu a farkon rubutun zube na Hausa, ko da yake mutane da yawa ba su sani ba. Dorugu, yaron da aka kama bawa daga Dambanas a yankin Kance, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Ingila a 1855. A can ya zauna ya ba wani mai nazarin harshe, J. F. Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi a littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya rasu a Kano a 1912.

Kusan shekara 100 bayan zaman Dorugu da Schön, wata tsohuwa ta yi irin wannan aiki, kuma nata ya fi nasa faɗi. Ana kiranta Baba, mutuniyar Karo, wani ƙauye a kudancin ƙasar Kano. An haife ta a 1877, kakanninta Barebari ne da suka taso daga Barno, sana'ar gidansu noma. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a ƙasar Zazzau, ta riƙa zama da wata Baturiya, Mary Smith, tana faɗa ana rubutawa. Ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, ba ta gan shi ba. Hausar da ta faɗa da bakinta kuwa sai da ta jira kusan shekara 40 kafin a buga ta.

Baba ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta riƙi ƴaƴan dangi. Ta ba da labarin mahara da yadda ake fansar wanda aka kama, da zaman bayi a rinji, da zuwan Turawa yadda matan ƙauye suka gan shi. Ta faɗi yadda ake ƙulla ƙawance, da yadda kishiyoyi ke raba kwana, da wankan jego, da bori, da dabarun da mace ke bi ta fita daga auren da ba ta so. Ba kunya ba ƙari. Malaman jami'a a duniya har yau suna dogara da ita in suna son sanin yadda gidan Bahaushe yake kafin zuwan Nasara.

To, wa ya rubuta littafin? A bangonsa sunan Mary Smith ne. Ita ta yi tambaya, ita ta riƙe alƙalami, ita ta fassara, kuma ta yi aikin da amana. Amma zaɓen abin da za a faɗa, da jera shi, da gishirin maganar, duk na Baba ne. Da Baba ta samu wata shida a aji irin wannan, da sunanta ne zai hau bango. Wannan shi ne bambancin mai labari da marubuciya, kuma bai wuce baƙaƙe talatin da ƴan kai ba.

Shekara 46 ana jira

A 1933 hukumar talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai ta farko da Hausar boko. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Duka maza suka rubuta. Ba rashin basira ya hana mata ba, makarantar ce ba a sa su ba.

Waƙa ce ta fara buɗe musu hanya. Hauwa Gwaram, wadda ita kanta malamar ajin manya ce a jihar Kano, da Hajiya Ƴar Shehu, sun riƙa rubuta waƙoƙi kan addini da tsabta da renon yara da sauye-sauyen zamani, ana jin su a rediyo. An tara waƙoƙinsu a littafin Alƙalami a Hannun Mata, aka buga a Zariya a 1983.

Ƙagaggen labari kuwa sai 1980. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya sake shirya gasa, littattafai uku suka fito daga ciki: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, haifaffiyar Ƙofar Mata a Kano a 1952. Nata shi ne ƙagaggen labari na farko da mace ta buga da Hausa. Labarin Boɗaɗo ne, ƴar Fulani da ta ga Yasir, wanda ba ɗan ƙabilarsu ba, ta ce shi take so, ta faɗa da bakinta a gaban manya. A gidan da ake ji da pulaku, wannan kaɗai ya isa tashin hankali. Daga 1934, shekarar da littattafan gasar farko suka fito, zuwa 1980, shekara 46 ke nan. Bayan shekara huɗu, a 1984, Zaynab Alkali ta jihar Barno ta fid da The Stillborn, ta zama mace ta farko daga arewacin Najeriya da ta buga ƙagaggen labari da Turanci.

Kasuwa ta buɗe

A tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin Najeriya ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. Sai matasa suka daina jiran kowa. Marubuciya ta rubuta labarinta a littafin makaranta, ta kai wa mai tafireta, ta sayar da ɗan kunne ko ta ɗauki kuɗin adashi ta biya mai injin bugu, ta kai wa dillalai a kasuwa. Akan raba labari kashi biyu ko uku, a yanke na ɗaya daidai inda rai ya rataya, don kuɗin na ɗaya su buga na biyu. Talatu Wada Ahmed da littafinta Rabin Raina tana cikin waɗanda suka fara. Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta biyo baya da Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe da Ki Yarda da Ni. Daga Kano zuwa Damagaram bai kai kilomita 250 ba, ta Daura da Matamaye ko ta Ɓaɓura da Magarya, saboda haka motar da ta ɗauko atamfa da kwanuka ita ta riƙa ɗauko littattafan. Wadda ba ta iya karatu ba ta sa ƙanwarta ko ɗiyarta ta karanta mata, ko ta kasa kunne a rediyo.

A cikin wannan ayari Balaraba ta fita daban. Ta fara da Budurwar Zuciya a 1987. A 1990 ta fid da Wa Zai Auri Jahila? wanda kusan rayuwarta ce ta juya ta zama labari. Abu yarinya ce mai ƙoƙari a makaranta, ubanta ya cire ta. Ɗan'uwan da aka yi mata alkawari da shi ya je birni ya yi boko, ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba. Sai aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, tsoho mai mata a gida. Ta gudu Kano wurin gwaggonta, ta shiga ajin manya, ta bi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ƙarfin littafin yana wurin da ya ɗora laifi: waɗanda suka hana ta karatu su ne suka juyo suna yi mata gorin jahilci.

Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na 1990, ya fi shi nauyi. Rabi tana da ƴaƴa tara da Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rumfar yadi, wanda kuɗin cefanen da yake ajiyewa ba ya kai ko'ina. Ya auro Delu, macen bariki, ba a jima ba ya kori Rabi da ƴaƴanta. Rabi ta kama haya, ta kafa tukunyar sayar da abinci, ta ci da yaranta, ta biya musu makaranta, ta aurar da ɗiyarta Saudatu gidan mutunci. Can gobara ta cinye rumfar Alhaji, Delu ta watse, sai ga shi ya dawo yana neman biko. Mai karatu yana jira Rabi ta rufe masa ƙofa. Ba ta rufe ba, domin dangi da surukai sun taru a kanta sai da ta koma. Masu karatu da yawa sun ji haushin wannan ƙarshe, kuma suna da hujja. Amma duk wanda ya taɓa zama a zauren sulhu ya san haka ake yi, kuma Balaraba ba ta yarda ta yi wa mata ƙaryar da za ta faranta musu rai ba. Wadda ta koma ɗin ma ba Rabin da aka kora ba ce, yanzu ita ke ci da gidan. An yi fim ɗin littafin a 1998. A 2012 Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya buga, ya zama ƙagaggen labari na farko na wata Bahaushiya da aka fassara dukansa zuwa wannan harshe.

Ba a bar marubutan nan sun sha ruwa da sanyi ba. Malamai da iyaye sun ce littattafan soyayya suna ɓata tarbiyyar ƴan mata. A jami'a, Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, yana nufin kayan yayi ne da ba za su daɗe ba, Abdalla Uba Adamu kuwa ya tsaya musu, suka shekara da shekaru suna musayar alƙalami a jaridu. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Kano ta ƙona tarin littattafai a bainar jama'a, daga baya hukumar tace fina-finai ta ce sai marubuta sun yi rajista da ita. Gaskiya a cikin littattafan akwai shara: labarin da ba komai cikinsa sai mota da gwal da Alhajin da ba a san sana'arsa ba, ga kuskuren rubutu kamar an watsa gero. Amma a cikinsu ne aka fara maganar auren dole da sakin wulaƙanci da wahalar ɗan kishiya a fili, da bakin waɗanda abin ya ci. Sun kuma yi wani aiki da ba hukumar da ta iya yin sa: dubban mata da suka koyi baƙaƙe a ajin manya ba su manta ba, saboda suna da abin da ransu ke so su karanta.

Wadda ke ganin ta makara kuma, ta tuna da Toni Morrison ta Amurka. Tana aikin ofis, tana renon ƴaƴa biyu ita kaɗai, takan tashi tun kafin asuba ta yi rubutu. Littafinta na farko ya fito a 1970 tana da shekara 39. A 1993 ta zama baƙar mace ta farko da ta karɓi kyautar Nobel ta adabi.

Wannan gefen iyaka

A Nijar hanyar ta fi tsawo, kuma dalilin a fili yake. Turawan Ingila sun bar Hausa ta shiga aji da jarida a arewacin Najeriya, har Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita tun 1939. Faransawa kuwa, waɗanda suka riƙe Zinder a matsayin babban birnin ƙasa daga 1911 zuwa 1926, Faransanci kaɗai suka yarda a ji a lakwal. Wanda ya yi boko ya iya rubuta harshen wasu bai iya rubuta nasa ba, wanda ya yi allo yana da ajami amma ba injin da zai buga masa. Sai bayan samun ƴancin kai aka kafa hukumar yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1960, aka fara ƙananan jaridun karkara irin su Muryar Damagaram. A 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci, a nan unguwar Zango ta Damagaram.

Abin lura ne cewa macen da ta fi kowace suna a tarihin Nijar, Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari sojan Voulet da Chanoine a 1899, ƴan watanni kafin ragowar rundunar ta ci Damagaram a Tirmini, namiji ne ya rubuta labarinta, kuma da Faransanci. Abdoulaye Mamani ke nan, a littafinsa Sarraounia na 1980. Ya kyauta ƙwarai. Sai dai da wata jikar matan Lugu ce ta rubuta, da an ji abin da aka dafa a daren yaƙin, da inda aka ɓoye yara.

Duk da haka mata ba su zauna ba. Fatimane Moussa-Aghali, masaniyar harshe, ta rubuta labarin ƙuruciyarta da Hausa, Yarintata, kamfanin Albasa na Yamai ya buga a 2000. Malama A'ishatu Dancandu ta ɗauki karatun da ake yi a cikin kulle ta kai shi rediyo da talabijin na ƙasa, kuma Ousseina Alidou, ƴar Nijar da ke koyarwa a jami'ar Rutgers ta Amurka, ta ba ta babi guda a littafinta na 2005 kan matan Nijar. Sai kuma wayar hannu ta zo ta rushe shingen mai injin bugu. Yanzu marubuciya tana iya zama a ɗakinta a Tanut ko Gure ta saki labarinta shafi-shafi a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, masu karatu a Kano da Kumasi da Jidda su biya ta ta waya.

A 2016 sashen Hausa na BBC ya fara gasar gajerun labarai ta mata mai suna Hikayata, Aisha Muhammad Sabitu ta Katsina ta ci ta farko da labarin Sansani. Shekara shida kambin yana yawo a Najeriya. A 2022 ya tsallako iyaka: Amira Souley daga Maraɗi ta zo ta ɗaya da labarinta Garar Biki. Sunan kaɗai ya isa. Duk uwar da ta taɓa kwana ba barci tana lissafin buhun shinkafa da jarkar mai da za a kai gidan miji ta san inda labarin ya dosa. Amira ba ta je nesa neman abin rubutu ba, a tsakar gida ta tsince shi. Tun watan Maris na 2025 kuma, kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Doka dai ba ta rubuta littafi, sai an samu mai zama ya rubuta.

Mai koyo zai lura littattafan Kano suna da ɗan bambanci da na ajinsa. Inda Nijar ke rubuta ƴ, su suna sa alamar ɗauri a gaban y. Su ce makaranta da asibiti da naira, nan a ce lakwal da likita da jaka. Wannan ba kuskure ba ne daga kowane gefe, kuma ba dole ba ne marubuciyar Damagaram ta ari bakin Kanawa. Damagaranci yana da kalmominsa da karin maganarsa, kuma in ba a rubuta su ba, fim da waya za su shafe su cikin ƴan shekaru.

Aikin wannan mako

Kowace ɗaliba, da kowane ɗalibi, a nemi tsohuwa guda a gida ko a unguwa, kaka ko gwaggo ko ungozoma, a gaishe ta yadda ya kamata, a nemi izininta. A tambaye ta abu guda kawai, kada a haɗa da yawa: ranar da aka kai ta ɗakin miji, ko yadda gidansu ya fita daga yunwar 1984 da ake kira El Buhari, ko yadda Kasuwar Dole take a ƙuruciyarta, ko sana'ar da ta riƙe ƴaƴanta da ita. A bar ta ta yi magana, kada a gyara mata Hausa. A rubuta shafi ɗaya da boko, wanda ajami ya fi masa sauƙi ya fara da shi sannan ya juya. A saman shafin a sa sunanta in ta yarda, da garinsu, da ranar da aka yi hirar. A ƙasa kuma mai rubutu ya sa nasa sunan cikakke. Kafin a kawo wa malam ko malama mako mai zuwa, a koma a karanta wa tsohuwar abin da aka rubuta, ta ji ko haka ta faɗa.